Godiyar da Jininta Ya Ba da Shaida

Da sanyin safiya likitar dabbobi ta faɗo ofishin 'yan sanda ko sallama babu. An sace mata godiya, wato macen doki, a gonar da ake haɗa maganin saran maciji.

Insfekta, wanda abokan aiki ke kira Ba-Gaggawa, ya ajiye kofin shayinsa. "Likita, kan dabba ɗaya kike haki haka?"

"Yallaɓai, shekaru muna yi mata allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinta ya koyi yaƙarsa. Daga jininta ake tace maganin. Na asibiti ya kusa ƙarewa, ga damina, manoma duk suna cikin ciyawa."

Ranar Ba-Gaggawa bai ƙarasa shayinsa ba.

A gonar ya tarar da kwaɗon barga lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ya dubi mai gadi.

"Wa ke riƙe makulli?"

"Ni kaɗai, ranka ya daɗe. Ba ya barin aljihuna."

"Ko wanka da rigar kake yi?"

Mai gadi ya sosa ƙeya. Ashe jiya surukinsa dillalin dabbobi ya kawo masa ziyara, shi kuma ya rataye rigar ya zagaya bayi.

A garken dillalin suka ga wata godiya baƙa wuluk. Ta likita kuwa tana da fari a goshi.

"A hannuna aka haife ta," in ji dillali, yana murmushi har kunne.

Insfekta ya shafa goshinta, tafinsa ya fito baƙi. A wuyanta ga wani wuri an aske gashin, daidai inda ake ɗibar jini.

Dillali ya ce, "Ƙazuwa ce, yallaɓai. Shunin ma magani ne."

Bakin mutumin ya fi hannunsa sauri, shi ya sa Insfekta ya bar likita ta yi magana. Ta ɗebi jinin godiyar, ta jira ruwansa ya taso, ta zuba a ƙananan kwalabe uku.

"A jini akwai wasu 'yan dakaru masu siffar gwafa, hannu biyu da ƙafa ɗaya," ta ce. "Hannuwan ba sa kama komai sai dafin da aka yi su dominsa. Ƙafar kuma ita ke kiran ƙwayoyin da za su haɗiye shi. In sun haɗu da dafinsu za su cukuikuye shi, ka ga farin zobe a kwalbar."

Ta ɗiga dafin kububuwa a ta farko. Can sai ga zobe.

"To ai maciji ya taɓa sarar ta," dillali ya yi wuf ya ce.

Ta ɗiga na macijin kasa a ta biyu, zobe ya fito. Ta ɗiga na gamsheƙa, shi ma haka.

"Duk ukun layi suka yi mata?" Insfekta ya tambaya a hankali.

Dillali ya zauna daɓas a kan buhun dusa. Ya ce shi ya ɗauki makullin ya fitar da ita, ya mayar da shi aljihun rigar, kuma da yamma mahauta za su zo ɗaukar ta. Likita ta rungume wuyan godiyar don farin ciki.

Da ankwa ta shiga hannun dillali ya ɗago kai. "Yanzu dabba ce ta tona ni?"

"Jininta ne," in ji Insfekta, yana tura shi mota. "Kuma ranar da maciji ya sare ka, da shi za a cece ka."