Najiba da Motar Zungeru

Najiba 'yar aji shida ce a wata firamare a Funtua. Karatu ya zauna mata, kuma ta san da haka. Duk abin da aka faɗa, sai ta ce, "Ai na sani."

Kakarta Hansai ta daɗe tana son ganin Zungeru. A can Turawa suka yi hedikwatar mulkin Arewa kafin su koma Kaduna. A can kuma kakan Hansai ya yi aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, har ya rasu bai dawo gida ba.

Da hutu ya zo, Malam Awaisu, mahaifin Najiba, ya kira ta. "Girbin masara ya riƙe ni. Ke za ki raka Inna, tunda idonta ya yi rauni. Daga nan sai Zariya, sai Kaduna, sai Suleja, sai Minna. A Minna za ku sake mota. Kawunki Haladu zai tarye ku a Zungeru. Kafin ku shiga kowace mota, ki tambayi direba."

"Ai na sani, Baba," in ji Najiba.

Suka tashi bayan sallar asuba. Da azahar suna tashar Minna. Najiba ta hango wata mota da allo a samanta. Buhun albasa ya rufe rabin rubutun, "ZU" kaɗai ake gani.

"Ga motarmu, Kaka!"

"Ƙawata, tambayi direba dai," in ji Hansai.

"Haba Kaka, na fa iya karatu!"

Suka shiga, motar ta cika, aka kama hanya. Bayan kamar awa guda suka ratsa wani gari mai babban kogi. Hansai ta leƙa taga. "Anya ba nan ba ne?"

Najiba ta fara shakka, amma kunya ta hana ta tambaya. "Da saura," ta ce.

Sai da suka yi nisa wata mata a gefensu ta ce, "Ku ma Zuru za ku?"

"Zungeru za mu," in ji Hansai.

"Wayyo, Iya! Ai mun baro Zungeru tun ɗazu."

Direba ya sauke su a Tegina. Rana tana dukan ka. Hansai ta zauna a kan dutse tana matsa ƙafafunta da suka kumbura.

Najiba ta durƙusa gabanta, hawaye na zuba. "Kaka, laifina ne. Rabin rubutun na gani, na cika sauran da kaina. Ki yafe mini."

Hansai ta share mata fuska da bakin mayafinta. "Na yafe, ƙawata. Tashi ki nemo mana mota."

Wannan karon sai da Najiba ta tambayi mai rake, ta tambayi ɗan kamasho, sannan ta tambayi direba da kansa. Kafin magariba suka iso Zungeru. Kawu Haladu yana tsaye a tasha, duk hankalinsa ya tashi.

Washegari ya zagaya da su. Suka ga ginshiƙan tsoffin ofisoshin Turawa, ciyawa ta kewaye su. Suka ga gadar jirgi a kan kogin Kaduna. Hansai ta sunkuya ta dafa ƙarfen dogo, ta daɗe tana yi wa kakanta addu'a.

Najiba ta matso a hankali. "Kaka, mene ne sunansa? Ban sani ba."

Hansai ta yi murmushi. "Maitama. Zo ki zauna in ba ki labarinsa."

Suka zauna a inuwar wata tsamiya. Najiba ta yi ta tambaya, Kaka tana amsawa, har Kawu Haladu ya ce tuwo zai huce.

Daga ranar Najiba ta gane cewa faɗin "ban sani ba" ba abin kunya ba ne. Wanda ya tambaya yakan isa inda za shi, ya kuma hutar da waɗanda suke tare da shi.