Harsashin Ajin Matan Sheme

Da katangar ajin matan Sheme ta rufta tsakiyar damina, ta karya wa wata ɗaliba, Larai, ƙafa, gari ya gama shari'arsa: bakin Tani ne, Bamagujiyar da aka sare wa tsamiya don a yi ginin. Aka daina sayen daddawarta, har ana zancen korarta.

Malama Barakatu ba ta yarda ba. Tsohuwar malamar kimiyya ce, kuma tun rasuwar mijinta babu mai leƙo ta sai Tani. In an kori Tani, wa zai ƙara yi wa Malama sallama?

Ta ɗauki sandarta da lemon tsami ta nufi wurin. An ce da farin dutsen nan na yin siminti aka yi ginin, daga Sakkwato aka kawo shi. Irinsa yana ɗaukar nauyi, kuma in tsami ya taɓa shi sai ya yi kumfa. Ta matsa wa duwatsun sama, suka yi kumfa. Ta matsa wa na harsashi, shiru. Ta murza ɗaya, ya narke mata a yatsu. Curin farar ƙasar Ƙanƙara ne, wadda in ta sha ruwa take komawa kunu.

Almu, direban da ya kawo dutsen, ya rantse mata daga wuri guda ya yi lodi, duwatsun sama kuwa sun gaskata shi. Nata'ala magini ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi ya tarar an riga an binne harsashi.

"Wa ya binne?" in ji Malama.

"Malam Mas'ud, mai kula da aikin. Wai lada yake nema."

Ta iske Mas'ud a kan sabon dakalinsa, fari fat.

"Hajiya, ki huta mana. Ƙaddara ce."

"To, bari in huta a nan. Ina ka samo dutsen?"

"Bayan gari na fasa."

Ta matsa ragowar lemon a gefen dakalin. Kumfa ta taso.

"Dutsen bayan gari ba ya haka, Malam."

Ya kalli kumfar, sannan ya ce shi ya ɗauka fari duk fari ne.

Ta biya ta ofishin 'yan sanda, daga nan ta wuce gidan Tani. Ta same ta ita kaɗai, ta ɗaure kayanta a zane.

"Kwance kayanki, Tani. Mas'ud ne ya kwashe dutsen harsashi ya gina dakalinsa, ya binne farar ƙasa a madadinsa. Ruwan damina ya jiƙa ta, katanga ta faɗi."