Hannun da Ya Riƙe Wayar

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, Mai Waya ya shigo gida da sandar sitiyari a kafaɗa. Gyaran wutar mota ne aikinsa, shekara talatin. Ya jingine ƙarfen da bango, ya zauna.

"Baban Auta, yau kuma ƙarfe ne cefanen?" in ji matarsa.

"Ki dafa in kin iya."

Sitiyarin irin na motocin yanzu ne, wanda ake danna maɓalli ya hau ko ya sauka daidai tsayin direba. Mai motar ya ce da kansa yake sauka, har ya danne masa cinya a tsakiyar titi. Kwana uku Mai Waya yana fama. Ya duba fis, lafiya. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya da mita, babu wadda ta tsinke. Ya auna sensa, wani ɗan abu kamar akwatin ashana da yake gaya wa mota inda sitiyari ya tsaya, ita ma lafiya lau.

Shi kuwa ba a taɓa jin ya ce wa mai mota "ban gano ba". In aiki ya gagare shi, yana da dabararsa, kuma ita ya yi a tsakar gidansa. Ya jawo waya daga batir ya ɗora wa sensar wuta kai tsaye, don ta ƙone ya sami abin nunawa. Ko bisimilla bai yi ba. Abin ya yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi. Warin ba na roba ba ne. Warin gashi ne, da nama.

Ana kiran magariba tsakuwa ta faɗo kan rufin kwano. Washegari dutse ne, ya fasa randa. Ba a ga mai jifa ba.

Rana ta uku da yamma, Auta, 'yarsa mai koyon ɗinki, tana kan keke sai ƙafarta ta tsaya. Wuyanta ya fara sauka a hankali, ƙas, ƙas, ƙas, har haɓa ta taɓa ƙirji. Ya tsaya. Ya sake hawa. Mai Waya ya san ƙarar nan, kwana uku ya yi yana jin ta a gareji. Haka ta wuni biyu, ba ci, ba magana.

Aka kira wani malami tsoho, mai jan ƙafa. Ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu ƙasa-ƙasa, har inuwar bango ta rufe tsakar gida. Sannan ya ce, "Wa ke nan?"

Bakin Auta ya buɗe, amma muryar ta tsohuwa ce. "Uwar wanda aka ƙona."

"Wa ya ƙona shi?"

"Ga shi can ya sunkuyar da kai. Motar ta shekara a ajiye, muka zauna a ciki. Ɗana ne yake lilo da abin, in ya gaji ya kwanta a ɗan akwatin. Wannan ya auna, ya ga lafiya lau. Ya sani. Ya sa wuta."

Malam ya juyo. "Haka ne?"

"Aiki ne, Malam."

Aljana ce, kuma rai ta nema a madadin rai. Malam ya ɗaga murya da karatu, jikin yarinyar yana karkarwa, uwarta ta riƙe mata ƙafafu tana hawaye. An daɗe ana ja kafin aljanar ta sauko.

"To, hannu. Ba zan cire ba, kashe shi kawai zan yi. Nasa na dama da ya riƙe wayar, ko na yarinyar. Ya zaɓa, in tafi."

Mai Waya ya dubi hannunsa. Da yatsun nan yake shafa waya ya ji inda ta karye a cikin robarta. Ba shi da wani abin ban da su. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Ita ɗin, in na hagu ne fa? Ai da ƙafa ake taka keke."

Matarsa ta saki ƙafafun yarinyar. Malam ya runtse ido.

Aljanar ta yi dariya, 'yar gajeriya. "Malam, ka ji uban 'ya."

"A'a, ɗauki nawa," in ji Mai Waya da sauri. "Nawa na ce."

"Riƙe kayanka, na fasa. Ban toshe mata kunne ba, duk tana ji. Wannan ya ishe ni."

Auta ta yi atishawa sau uku, wuyanta ya miƙe. Malam ya tofa addu'a a ruwa, ya ɗauki sandarsa. Mai Waya ya tashi zai raka shi, Malam ya ce masa ya zauna, ya san hanya.

Sai Mai Waya ya ɗauki kofin ruwan da hannun nan nasa lafiyayye, ya durƙusa gaban 'yarsa.

"Sha, Auta. Sannu."

Ta dube shi, ta dubi kofin. A hankali ta tura hannunta na hagu cikin zani.

"Inna," ta ce, "ki karɓa min."