Keken Ebbe a Ƙofar Gidan Kofi

Ranar wata Talata cikin Janairu, sha biyu da minti goma na rana, Thyra Kragelund ta fito daga gidan kofi a wani lungu na tsakiyar Kopenhagen, babban birnin Denmark, ta tarar babu keken ɗanta. Ɗazu kekunan jarirai uku ne jere a jikin taga. Biyu suna nan, masu su na sharar barci. Na ukun, mai ɗauke da Ebbe ɗan wata biyar, sai gurbinsa cikin dusar ƙanƙara.

'Yar sanda Sajan Bodil Thorup aka turo. Maƙwabciyata ce shekara ashirin, a kicin ɗina ta ba ni labarin nan, don haka in na ce muku ranta a ɓace yake tun kafin ta iso, ku yarda. Mura take yi, ga safarta ta jiƙe.

"Yaushe rabonki da shi?" ta tambayi Thyra.

"Sha ɗaya da rabi. Na gyara masa hula, na taka birkin keken, na koma ciki."

"Minti arba'in ba ki sake leƙowa ba?"

"Taga ta yi gumi. Kuma ga wannan." Ta ɗaga 'yar na'urar nan ta sauraron jariri, wadda 'yar'uwarta ke cikin keken. "Ko tari ya yi zan ji. Kada ki kalle ni haka. Ke a ina naki suka yi barcin rana?"

Da gaskiyarta. Nawa uku ma a waje suka yi shi, cikin bargon ulu, iska mai sanyi na dukan hancinsu. A nan garin kowa ya san yaro ba ya barci mai nauyi sai da haka.

Bodil ta tsuguna ta dubi ƙasa. Layi biyu masu faɗi sun tashi daga jikin taga, sumul, babu zanen taya a cikinsu, kamar an ja buhu. A gefensu kuma ga wasu sirara guda biyu. Ta bi su har bakin babban titi, inda motar zuba gishiri ta wuce ta narkar da komai. Ta yi tsaki ta dawo.

"Wa kike zargi?"

"Troels. Babansa. Mun rabu a bazara, kullum ƙorafinsa ba na ba shi yaron."

Ba a gama maganar ba sai ga Troels ɗin a guje, da rigar direban bas, don Thyra ta riga ta zage shi ta waya.

"Ina kake tsakanin sha ɗaya da rabi da sha biyu?" in ji Bodil.

"Bayan sitiyari, da mutum arba'in a bayana. Tambayi ofishinmu. Ni zan saci ɗana? A ina zan sa shi, wajen ajiye kaya?"

"Wa ya sayi keken?"

"Ni. Ni na haɗa shi ma, ita ko takardar bayaninsa ba ta karanta ba."

"Ka ji shi ko," in ji Thyra. "Yaro ya ɓata, shi ta takarda yake yi."

Bodil ta buga waya ofishin bas, aka tabbatar. Ta ce su yi wa Allah su yi shiru, ta shiga shagon da ke maƙwabtaka, na Preben mai sayar da cuku. Masu gidan kofi sun ce ya sha faɗa a kan kekunan.

"An ce ka taɓa ture keken mutane daga tagarka."

"Sau biyu. Gusar da su na yi, ba turewa ba. Na biya kuɗin taga don a ga cuku, ba don a ga hular jarirai ba."

"Yaya kake gusar da su?"

"Kamar yadda kowa ke yi mana. Ka ɗaga birki da ƙafa, ka tura, ka mayar. Jikokina shida, Sajan."

"Yau fa?"

"Yau ban fita daga bayan kanta ba. Ga matar can tana jiran canji, tun sha ɗaya take ɗanɗana kayana ba ta sayi na kirki ba."

Matar ta harare shi, amma ta shaida. Mutum biyu ke nan sun fita daga zargi, lokaci na tafiya, Bodil ba ta da kowa a hannu. Ta ce mini a nan ne ta ji kamar ta zauna a ƙasa. An baza 'yan sanda tashar jirgin ƙasa da bakin ruwa, shiru. Ta fyace hanci, ta karɓi na'urar daga hannun Thyra, don dai ta samu abin riƙewa. Sai idonta ya faɗa kan 'yar lambar da ke kusurwa, mai nuna zafin cikin keken.

Digiri ashirin da uku. Alhali a waje biyu ne ƙasa da sifiri.

"Wannan abin, iya ina yake kamawa?"

"Ba ya wuce lungu biyu ko uku," in ji Troels.

Bodil ta koma shagon cuku. "Preben, ka ga wani mai akwatin tafiya, irin mai taya?"

"Akwai wata tsohuwa. Ta daɗe tsaye kan keken tana tare masu wucewa. Na ɗauka kakarsa ce take nuna shi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kin tambaye ni?"

Bodil ta je ta tsaya bakin babban titi ta dubi hagu da dama: banki, kantin magani, shagon takalma, sai wata ƙaramar coci da ƙofarta ba ta da matakala. Ta ce wa iyayen su biyo ta.

Cocin babu kowa, sai ɗumi. A can gaba, jikin bututun ɗumama ɗaki, ga keken. Wata dattijuwa gajera tana zaune, akwati a gefenta, ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓa wa yaron a kan bargonsa. Ita kanta rawar ɗari take yi. Ƙarar ƙofa ta tashi Ebbe, ya tsala kuka, fuskarsa ja wur, gumi har wuya. Thyra ta fizge shi tana kuka tana tuɓe masa kaya.

Dattijuwar ta miƙe. Da Turancinta guntu-guntu ta ce, "Sai yanzu? Awa guda ina jiran wani ya zo." Ta dubi Thyra sama da ƙasa. "Ke ce uwar? 'Yata, ba ki ji kunya ba?"

Sunanta Nilza Barreto, daga Recife ta ƙasar Brazil, ungozoma ce da ta yi ritaya. Jirginta ya sauke ta da safe, sai uku da rabi za ta hau wani. Ta ce ba za ta zauna awa shida tana kallon bango ba, ta shigo gari da taswira, ta zagaye wuri biyar da jan biro: fada, hasumiya, bakin ruwa da sauransu. Ko ɗaya ba ta gani ba. Lungu na biyu ta ci karo da jarirai cikin ƙanƙara.

"Biyun na ga iyayensu na leƙowa," ta ce. "Wannan kuwa babu kowa. Na tare mutum goma ina nuna musu. Kowa sai ya leƙa, ya yi murmushi, ya wuce. Wane irin gari ne wannan? Wayata ba ta aiki a nan. Na taɓa hancinsa, sanyi ƙalau. Shekara talatin da huɗu ina karɓar haihuwa, in tsaya ina kallo?"

"Ba ki leƙa gidan kofin ba, Mama?" in ji Bodil.

"Na leƙa ta ƙofa. Kowa na dariya da kofinsa. Wa zai ce mai ɗa a waje tana cikinsu?"

Troels ya tambayi Bodil yadda aka yi ta gane.

"Tayoyin baya ba su juya ba, jan su aka yi da birki a ɗaure. Kai ka haɗa keken, Preben ya san birki, ɓarawon keke ma ya sani. To baƙo ne. Siraran layin nan na akwati ne, matafiyi ke nan. Lamba ta ce yaro na cikin ɗumi da kayan sanyinsa, abin da ɗan garin nan ba zai yi ba. Da banki ko kanti ta shiga, da tuni an kira mu. Ba a kira ba, saboda tana inda babu wanda za ta gaya wa. Kuma mai jan keke da akwati ba ya hawa matakala."

Ebbe dai ya ƙi yin shiru. An jijjiga, an ba shi nono, ya ƙi. Thyra ta mayar masa da hula, ta ɗaga birki da ƙafa, ta tura shi waje. Ba su kai shagon takalma ba ya yi lamo, ya koma barci. Nilza ta tsaya bakin ƙofa tana kallo, ta gicciye hannu.

Doka doka ce, sai da aka je ofis aka rubuta komai. Thyra ta daɗe tana juya biro kafin ta ce ba za ta shigar da ƙara ba, a bar tsohuwa ta tafi. Amma kafin a samo mai fassara a sa hannu, jirgin uku da rabi ya tashi. Bodil da kanta ta kai Nilza filin jirgi neman na yamma.

A mota Bodil ta ce, "Wai ina za ki, Mama?"

"Tromsø, can arewacin Norway. Ɗana ya auri 'yar can. Jikana na fari, watansa biyu."

Bodil ta ce mini ta so ta yi shiru, amma mura ta cinye mata haƙuri. "Can ma a waje suke kwantar da su. Kuma sanyinsu ya fi namu."

Nilza ta juyo a hankali. Ta ninke taswirar nan mai jan biro, ta cusa a jaka, ta ƙanƙame akwatinta.

"To me kike jira, 'yata? Taka motar nan."

Da Bodil ta koma ofis, abokin aikinta ya tambaye ta ko an rufe magana. Ta tuɓe jiƙaƙƙiyar safarta ta shanya kan bututu.

"Namu ya ƙare," ta ce. "Kira 'yan sandan Tromsø, ka ce su gaya wa mutanen garin su sa wa kekunan jariransu kwaɗo. Ƙarfe tara tsohuwar take sauka."