Rubutun Bayan Takarda

Ƙaurin ne ya riga su shigowa shagon. Injiniya ta ɗago kai daga teburin gyara, ta ga mai zanen gidaje, wanda saura wata guda ya zama mijinta, rungume da akwatin kwamfutarsa. Mahaifiyarsa na gaba, 'yar ƙanwar mahaifiyar mai sayar da kayan kwamfuta a bene tana biye tana taunar cingam.

"Ina uban yarinyar nan?" in ji Mama. "Ya fito ya ga aikin 'yarsa."

Baba ya fito yana goge tabarau. Shekara talatin yana gyara a wannan layi ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya, kuma shi ya laƙaba mata Injiniya tun tana miƙa masa sukundireba.

"Lafiya, Mama?" Injiniya ta tambaya a hankali.

"Lafiyar ke nan. Jibi za a rufe gasar da yaron nan ya yi wata huɗu yana wa zane, kin ƙona masa inji. Dama na ce mace mai wasa da wayoyin wuta ba matar gida ba ce."

Injiniya ta dubi mai zane. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

Mako uku da suka wuce ya zo mata yana kukan kwamfutar na ɗaukar rabin yini kafin ta fitar da hoton gini ɗaya. Yana so a ƙara wa firosesa gudu, wato ƙwaƙwalwar injin.

"Za a iya, abin ƙaunata," ta ce masa ranar. "Amma sai da madabod mai ƙarfi, don shi ne allon da ke ba ta wuta. Ka ɗauki wannan baƙin. Ba shi da kyan gani, amma dubi ƙarafan sanyaya da ke kan masu raba wutar."

Washegari sai ga shi da wani mai fitilu ja da kore, daga shagon bene.

"Mama ce ta ce in saya a wurin 'yar'uwata... kin san halinta."

Ta san halinta, ta kuma haɗiye. Ta shafa sabon man sanyaya, ta ƙara fanka, ta dinga ɗaga gudun kaɗan-kaɗan, kowane mataki sai ta bar injin yana aiki awa shida tana kallon zafinsa. Inda allon ya fara nishi, nan ta ja baya. Sannan ta yi abin da take wa kowace kwamfuta da ta bar shagon: ta rubuta iyakar gudu da ta wuta a 'yar takarda, ta liƙa a cikin murfin. A tasa kaɗai ta ƙara layi ɗaya: Kada ka wuce nan, zuciyata.

"Ni dai na faɗa," 'yar ƙanwar ta ce tana fasa cingam. "Allona lafiyarsa ƙalau. Wuta ta ɗura masa, ba ta san aikin ba."

Mutanen layin sun fara taruwa a ƙofa, don irin wannan kallo ba ya wuce su. Baba ya ce, "In kuskurenmu ne, Hajiya, ki yi haƙuri..." Muryarsa ta karye. Wannan ya fi zagin yi mata ciwo.

Ta kwance murfin. Gefen firosesar ya yi baƙi ƙirin. Takardar ba ta inda ta liƙa ta; tana ƙasan akwatin, an ninke ta biyu. Ta buɗe, ta juya bayanta.

Lambobi ne, gudu da wuta, sun haura nata nesa ba kusa ba. Ta san wannan bakwai mai sanda a tsakiya. Da irinta ya rubuta mata lambar wayarsa ranar da suka fara haɗuwa.

Ta dunƙule takardar a tafinta.

"Ka faɗa wa Mama," ta ce. "Bayan ni, wani ya taɓa saitin?"

Ya ci gaba da kallon takalminsa.

"Masoyina... kalle ni. Wani ya taɓa?"

Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi taron, ya dubi tsohon da ya sunkuyar da kai.

"Ni yadda kika ba ni na yi amfani da ita," ya ce.

Har wannan lokacin tana son sa, shi ne abin takaicin. Ta miƙa wa Mama takardar.

"Gaban nawa ne. Bayan kuwa, ke kika kai shi makaranta, kin fi ni sanin hannun."

Mama ta karanta, ta sake karantawa. 'Yar ƙanwar ta tuna ta bar shago ba kowa, ta sulale.

"'Yar'uwata ce ta ba ni lambobin," ya ce da sauri. "Ta ce kina jin tsoro ne kawai... lokaci ya ƙure mini. Tsoro na ji, zuciyata, ki yafe mini."

"Injin ba komai ba ne," ta ce. "Da ka ce ni ne, wallahi da na cire madabod ɗin tawa kwamfutar na sa maka yanzu. Amma ka tsaya Baba yana ba da haƙuri a kan laifinka."

Ta zare ma'ajiyar fayilolin daga akwatin, ta duba ta, ta sa a leda. Ta cire zobensa ta jefa ciki, ta ɗaure bakin.

"Zanenka bai ƙone ba. Allah ya ba da sa'a."

Ya daɗe tsaye kafin Mama ta ja hannunsa, ba ta iya duban kowa ba.

Akwai wata kwamfutar a kan tebur da ta gama gwaji tun safe. Injiniya ta ɗauko 'yar takarda za ta rubuta iyakarta, hawaye suka jiƙa gefen. Baba ya jawo kujera kusa da ita, ya yago sabuwa, ya karɓi biron.

"Faɗo lambobin, Injiniya," ya ce. "Ni zan rubuta."