Ƙoƙon Hansai Mai Burukutu

Ranar da Benedict ya fara shiga rumfar Iya Bose, yunwa ce ta kai shi, ba soyayya ba. Ya taso daga injin gurzar auduga, hannu duk baƙin mai, kai kuma fari fat da burbushin auduga. Ya zauna a benci ya ce a zuba masa sakwara da miyar agushi.

Bose ce ta kawo, 'yar mai rumfar. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Baba, a sa maka nama mai laushi? Na ga furfura ta gama da kai."

Ya kakkaɓe kai, auduga ta tashi. Ya ce, "In kin yarda za ki auri tsoho, a sa."

Shi ke nan fa, magana ta ƙullu. Dukansu haihuwar Funtuwa ne. Uban Benedict daga Bendel ya zo yana sayar da kayan keke, uwar Bose kuwa Bayarabiya ce da ta daɗe tana sayar da abinci a bakin tasha. Coci ɗaya suke zuwa tun suna yara, amma sai ranar ya san tana duniya. Da ya ji ranar Lahadi aka haife ta, sai ya sa mata Ladi. Ita kuma ta liƙa masa Tsoho.

To, Benedict yaro ne mai kirki, amma yana da aibi guda: yawo da ciki. Yana da abokai biyu, Mudi direban fijo da Maitama mai awon auduga, ɗan wani ƙauye can bayan Malumfashi. Da wata ya ƙare sai su cika mota da mai, yau Zariya, gobe Kaduna, wani watan Jos. Ba fatauci ba, ba ziyara ba, cin abinci kawai! Su ci farfesun kan akuya a nan, su ci balangu a can. Mudi Musulmi ne, daga lemo ba ya ƙara komai, amma Benedict da Maitama sai sun bi gidajen burukutu ɗaya bayan ɗaya, suna gardamar ta wane gida ce ta fi kumfa, ta wane gida ce tsiron dawarta bai nuna ba.

Kuma bawan Allah nan bai iya riƙe bakinsa ba. Daga Kaduna ya ba wani direba 'yar takarda ya kawo wa Bose:

"Ladina, mun sauka lafiya. Na ci wani kifi a bakin kogi, matar nan ta iya gashi, ban taɓa cin irinsa ba. Ina kewarki. Tsohonki."

Kai jama'a! A ce yarinyar da ke dafa abinci tun safe za ka aika wa wannan? Da ya dawo, a ƙarƙashin kwanonsa ya tsinci amsa:

"Tsoho, tunda ta iya gashi, da ka tambaye ta ko tana da miji. Ni kifi ba na soya wa maƙiyina ma. Bose."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Haba Ladina, kishi da kifi?"

Ta ce, "Ba da kifin nake ba, da hannun da ya gasa shi nake."

Iya Bose dama ba ta son maganar. Takan ce, "Bose, mutumin da kowane wata yana wani gari yana leƙa tukunyar wata, ga kuma giya, shi za ki zauna jira? Ga Segun nan." Segun mai shagon yadi ne a kasuwa, mutum shiru-shiru. Kullum a rumfar yake ci, kuma ko Bakori da ke nan kusa bai cika zuwa ba.

Ana haka suka dawo daga Jos da hoto. Maitama ne ya fito da shi a rumfa yana nuna wa mutane, cike da alfahari. Bose ta leƙo ta bayansa.

Ga Benedict zaune a kan kututture, baki har kunne. A gabansa wata mace ce doguwa, kyakkyawa, ta kafa baki a ƙoƙon burukutu tana kurɓa, shi kuma ya miƙa hannu zai karɓa.

Bose ta ce, "Wace ce wannan?"

Benedict ya ce, "Hansai ke nan! Ladi, duk Jos babu mai burukutu kamarta. Jar dawa zalla take..."

"Ƙoƙon da ta sha, shi ka sha?"

"E mana. Ai haka ake yi, sai ta fara..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta ɗauke kwanon da ke gabansa, ko rabi bai ci ba, ta juye wa kare. Ita Bose ba ta taɓa taka gidan giya ba. Abin da ta sani, mace ba ta haɗa baki da namiji a ƙoƙo ɗaya sai da dalili.

Washegari ta yi abin da ya kusa cinye ta. Benedict ya shigo zai ba da haƙuri, ya tarar da Segun a benci, rumfa cike da mutane. Bose ta kawo wa Segun shinkafa, ta ɗauki cokalinsa, ta ɗebi loma ta kai bakinta, sannan ta miƙa masa cokalin.

"Ci, Segun. Na ɗanɗana maka, gishiri ya ji."

Kowa a rumfar ya juyo yana kallo. Segun ya karɓi cokali ya ci. Benedict ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ta haɗe. Shi da ke cewa kishi wauta ne, ga shi yanzu yana jin kamar ya kife teburin. Ya ce, "A ci lafiya," ya juya. Daga ranar ya koma shayi da burodi a wajen mai shayin ƙofar inji, ya daina gaisawa da Segun, ya daina bin layin 'yan yadi ma gaba ɗaya.

Bose ta so ta ƙona mutum ɗaya ne, amma duk tasha ta gani. Kafin mako ya zagayo, magana ta gama gari cewa 'yar Iya Bose ta zaɓi miji a bainar jama'a. Iyayen Segun suka yi shiri suka zo da doya da goro da turmin atamfa. Iya Bose ta karɓa tana rawa.

Bose ta shiga ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ba ta son Segun, ba ta taɓa sonsa ba, ga shi ana maganar sa rana. Amma da ta tuna hoton nan sai zuciyarta ta sake tafasa, ta ce a ranta gara hakan.

Maitama ne ya ga abin zai lalace. Hansai 'yar ƙauyensu ce, aure ya kai ta Jos, kuma takan zo kasuwar hatsi ta Funtuwa sayen jar dawa. Da ta zo, ya ja ta shi da Mudi har rumfa, da goyonta a baya.

Bose ta gane ta tun daga nesa. A fili ma ta fi kyau, abin haushi! Ta dangwara musu abinci ba sannu ba gaisuwa.

Suna cikin ci, yaji ya sarƙe Mudi, ya ce, "Hansai, miƙo min ruwan nan." Hansai ta ɗauki kofi, ta kurɓa, sannan ta miƙa masa.

Mudi ya ce, "Ke, ruwa ne fa, ba kayan naku ba!"

Ta yi dariya ta ce, "Yi haƙuri Malam Mudi, hannu ne ya saba." Ta juya wajen Bose. "Ƙanwata, mu masu dafa giya ba ma miƙa wa mutum ƙoƙo sai mun fara kurɓa a gabansa, don ya san ba a zuba masa komai ba. Ko baƙo ne, ko tsoho marar haƙori, ko mijina. In ban kurɓa ba, ba mai sha."

Bose ta ce a hankali, "Kowa da kowa?"

"Kowa. Ke ce Ladin, ko? To wallahi saurayinki ya ishe mu. Wani gwangwani yake yawo da shi a aljihu, cike da yajin da yake sata a teburin nan naku. Na dafa masa gwate da hannuna, ya fito da shi ya barbaɗa, wai sai da yajin Ladi abinci ke zama abinci. Na kusa kwaɗa masa ludayi."

Bose ta zauna daɓas a kan turmi. Daga nan ta tashi ta durƙusa gaban uwarta a bakin murhu.

"Mama, ban son Segun. Don in ƙona Benedict na yi."

Iya Bose ta ajiye ludayin miya. Sannan ta ce, "Kin ci da cokalin ɗan mutane a gaban jama'a, kin sa iyayensa sun ɗauko kaya. Ni ba zan aika kowa ba. Ke za ki ɗauki kayan nan a kanki, ranar kasuwa, da rana tsaka, ki mayar, ki ba su haƙuri. Shi kuma ɗan yawon naki, ban ce na yarda ba."

Ranar kasuwa Bose ta ɗora tire a ka, atamfa da goro a sama, ta rungumi doya a hannu. Tun daga bakin tasha aka fara nuna ta. Mata suna ƙus-ƙus, 'yan kamasho suna fito. Wata ta ɗaga murya, "A'a, amarya, an fasa ne?" Hawaye suka cika mata ido har ba ta ganin hanya, doya ɗaya ta suɓuce ta faɗi.

Wani hannu mai baƙin mai ya ɗauke ta.

Benedict ne, da kayan aikinsa, ya baro inji. Ya sauke tiren daga kanta ya ɗora a nasa, ya karɓe doyar, ya shiga gaba. Ƙato da gemu, da tiren atamfa a ka, yana tafe yana karkacewa! Kasuwa ta ɓarke da dariya, duk aka manta da Bose aka koma kansa.

Ta ce, "Tsoho, sauke, kunyata ce."

Ya ce, "Tamu ce. Ni na fara, da bakina marar linzami."

"Ka ji haushi da na ci da cokalinsa?"

"Ladi, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ko shagon yadi na gani sai raina ya ɓaci."

Ta share hawaye ta ce, "Madalla. Ka ji yadda ake ji."

A gidan su Segun tare suka durƙusa. Uwar Segun ta faɗi maganganu masu zafi, suka shanye. Segun da kansa ya fito ya karɓi tiren, ya ce, "Na san ba ni take kallo ba ranar. Ƙofa take kallo." Wannan ta fi zagin yi wa Bose ciwo, don mutumin bai yi mata komai ba.

Da suka dawo, Iya Bose na tsaye a bakin rumfa, labari ya riga su isowa. Ta dubi wuyan Benedict da ya sanƙare, ta dubi 'yarta. Ta ce, "Zauna ka ci abinci. Ka ce wa babanka ina jiransa."

Bayan an gama kakar auduga aka ɗaura aure a cocinsu. Mudi ya wanke fijo ya ɗauko amarya, Maitama ya yi rawa har takalminsa ya tsinke. Da za a tafi da Bose, ango da amarya suka durƙusa, Iya Bose ta dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya tsare ku a hanya da gida." Sai ta sunkuya wajen Benedict. "Kai kuma ka sani, ba warkewa ta yi ba. Kishin nan da shi na haife ta, da shi za ka zauna."

Benedict ya dubi Ladinsa, tana hararar wata 'yar rakiya da ta tsaya kusa da shi.

Ya ce, "Na gani, Mama. A haka nake sonta."

Jama'a suka ce amin.