Ashanar da Ke Damtsena

"Ka rubuta min takardata kawai, in huta ka huta."

Mijina ya ajiye jakar kayan askinsa a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Gimbiya, igiya ɗaya fa ta rage mana. Me na yi miki?"

"Numfashinka ma haushi yake ba ni."

Kuma wallahi ba ƙarya na yi ba. Ni da nake leƙen taga in ya yi lattin minti biyar, na koma in na ji tarinsa a waje sai gabana ya faɗi.

Haihuwar 'yarmu da ƙyar na sha, likita ya ce in huta shekara uku. Aka sa min ashanar nan ta tsarin iyali a damtse. Tun daga nan jini ya ƙi tsayawa, ga ciwon kai, ga kuka ba dalili. Amma da yake ni sarkin sani ce, sai na yanke wa kaina hukunci cewa son ne ya ƙare.

Sau biyu ina tayar masa da hankali yana saki yana mayarwa. Ranar nan kuwa na kulle ƙofa, na ce sai ya rubuta. Yana rubutawa hawayensa na ɗiga a kan takardar.

A gida Inna ta ce, "To, tunda babu mijin, sai ki je a cire miki abin nan."

Nas ɗin da ta cire ta saurare ni tsaf, ta girgiza kai.

"Baiwar Allah, me ya hana ki dawowa? Wasu lafiya lau suke da ita, wasu takan taɓa musu jiki da zuciya. Da tuni mun canja miki wani tsarin."

Sati shida bayan nan na tashi da safe na ji kaina sakayau. Na yi wa 'yata wasa har da dariya. Sai kuma kewarsa ta rufe ni.

Na same shi a shago shi kaɗai, yana share gashi. Ya rame sosai.

"Abban Baby... ba ni ba ce. Ashanar ce. An cire, na dawo daidai."

Ya jingine tsintsiyar, ya zauna a kujerar masu aski.

"Ni na riƙe miki hannu aka saka ta," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina tambayar kaina laifina."

"Ina sonka, wallahi ina sonka..."

Ya miƙo hannu zai share min hawaye, sai ya tsaya, ya mayar da shi aljihu.

"Ki tafi gida, Gimbiya, tun kafin in manta cewa kin haramta gare ni."